Huɗu, In Ji Inna

Tun ranar da Khaula ta sauke jakarta a gidansu a Karare, Safiyyatu ba ta ƙara jin daɗin tuwo ba. Ita kuma ta jawo wa kanta, don da bakinta ta ce wa malaminsu, Dakta Maude, akwai ɗaki a gidansu.

Ajinsu ɗaya a jami'a, suna shekarar ƙarshe a karatun lafiyar al'umma. Dakta ya raba musu bincike. Safiyyatu za ta auna tafiyar da mara lafiya ke sha daga ƙauyukan Wagini kafin ya ga asibiti. Khaula kuma za ta ƙirga yaran Karare da Babban Duhu, ta gano waɗanda maganin rigakafin zazzaɓin damina ke tsallakewa. Wadda aikinta ya fi kyau ita za ta tafi Nairobi taron ɗalibai, inda ake tattauna abin da ya sa magani ke isa wasu gidajen duniya ya bar wasu. Kujera ɗaya ce tal.

Kujerar ma da sauƙi. Abin da ke cin ran Safiyyatu shi ne Inna. Khaula tashin Abuja ce, ko taɓarya ba ta iya riƙewa ba, amma safe da yamma sai ka ji, "Khaula, kin karya? Khaula 'yata, zo ki sha fura." Safiyyatu kuwa shekararta ashirin da uku, ba ta taɓa jin sunanta a bakin matar da ta haife ta ba. 'Yar fari ce, Inna kunyarta take ji. Daga "ke" sai "waccan". Ta san al'ada ce, ta san ba ƙi ba ne, amma wallahi kishi take ji kamar ya kashe ta.

Rana ta uku Khaula ta ce bari ta gwada tambayoyinta a kan Inna.

"Inna, yara nawa kika haifa?"

"Huɗu," in ji Inna, tana tankaɗe. "Ashafa, Ikrima, Huzaifa, sai Zahra'u."

Khaula ta rubuta. Da suka shiga ɗaki ta dafa kafaɗar Safiyyatu, murya ƙasa-ƙasa. "Allah sarki, ashe riƙonki take yi? Ban sani ba."

Ji wata magana! A gidan ubanta, baƙuwa ke mata jaje. Safiyyatu ta buɗe baki za ta wanke ta tas, sai wani tunani ya zo mata ta haɗiye. Yarinyar nan ta san ba a kiran sunan ɗan fari, amma ba ta san matan nan har a lissafi tsallake shi suke yi ba. Ke nan duk gidan da ta shiga sai ta baro yaro guda. Ranar kare bincike tambaya ɗaya ta isa ta rusa aikin gaba ɗaya.

"Uhm," kawai ta ce. Ranar ta ci tuwo malmala biyu.

Mako biyu tana kallon Khaula na cika takardu, bakinta gum. Har da yi mata sannu da ƙoƙari.

Sai ranar Babban Duhu. Safiyyatu ce 'yar rakiya, don tana jin Fulatanci kaɗan-kaɗan. A kan hanya Khaula ke cewa jami'in asibitin yankin ya nemi jerin sunayen nan, da shi masu rabon magani za su bi rugage mako mai zuwa, tunda ruwa ya sauka kuma maganin ba shi da yawa. Safiyyatu ta yi kamar ƙarar mashin ta hana ta ji.

A rugar ƙarshe suka sami wata matashiya mai suna Jinjiri tana kaɗa nono da jaririya a baya. Aka tambaye ta yawan yaranta, ta ce ɗaya gare ta, ga ta nan a goye. Wani yaro ɗan shekara uku na tsaye a bayanta, ya riƙe bakin zanenta. Wata tsohuwa ta ƙwala kira, "Manu!" ya ƙi motsawa. Jinjiri ko kallonsa ba ta yi ba. Sai dai ta gutsuro fura ta miƙa hannu baya, idonta na kan baƙi, yaron ya karɓa.

Safiyyatu ta bi hannun Jinjiri da kallo. Hannun nan ta san shi. Haka Inna ke miƙo mata tsokar nama tun tana ƙarama.

Suna fita ta fizge takardar daga hannun Khaula. "Rubuta Manu, shekara uku. Ɗanta ne na fari. Ni ma Inna ce ta haife ni, ba riƙona take ba! Duk gidajen da kika shiga sai kin koma." Da faɗa ta yi maganar, don haushin kanta take ji.

Khaula ta koma gida-gida da sabuwar tambaya. Yara hamsin da bakwai suka fito, aka sa su a jerin magani. Su suka zama ƙashin bayan bincikenta, Dakta Maude ya yaba har yana buga tebur. Kujerar Nairobi ta zama ta Khaula. Safiyyatu ta sami layi ɗaya a shafin godiya. Ta yi kuka, ba ta kuma ɓoye wa kowa cewa baƙin ciki take yi ba.

Da Khaula ta zo sallama Karare, Safiyyatu ta laɓe a bayan rumbu don kada ta gan ta. Daga nan ta ji Khaula na cewa saura takarda ɗaya ba ta gyara ba.

"Inna, bayan huɗun nan, akwai wanda kunya ta hana ki faɗa?"

Inna ta ci gaba da juya muciya a tukunya.

"Akwai guda," in ji Inna can ƙasan maƙoshi. "Ta riga su duka zuwa. Sa ta a sama."

Safiyyatu ta kasa kunne tana jiran sauran. Inna ta sauke tukunya.

"Khaula, zo ki ci abinci. Ki kirawo waccan, tana bayan rumbu."