Karin Kumallon Sista

Ranar wata Laraba cokali ya faɗi daga hannun matata, ba ta kuma sunkuya ta ɗauka ba. Tana tsaye a bakin murhu, ta tsura wa hannun ido kamar na wani ne aka ba ta ajiya.

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Aka kwantar da ita a asibitin da ta ƙare ƙuruciyarta tana aikin jinya, inda daga masu gadi har manyan likitoci kowa Sista yake ce mata. Ni ma haka nake kiranta. Da tsokana na fara, har bakina ya saba. Da aka sallame ta, hannun hagu ya mutu, ƙafa tana ja, haɗiya ta zama aiki. Harshe kuwa Allah ya bar mata shi cif, don kada in sake da yawa.

Likitan, wani yaro mai tabarau, ya kafa mana sharaɗi a bakin ƙofa. Muddin tana cin abinci, ta zauna a gida. Ranar da ci ya gagara, a dawo da ita a zura mata robar abinci ta hanci.

Da muka shiga mota Sista ta juyo ta dube ni.

“Jan Biro, ka ji yaron nan?”

“Na ji shi.”

“Ni na koya masa neman jijiya. Na zura wa mutane robar nan da hannuna, na san inda take kai su. Ni a gadona zan zauna.”

Jan Biro ni ne. A maɗaba’a na yi aikina, ina duba rubutun mutane da jan biro kafin a buga. Na rayu a kan kurakuran wasu, na ci, na sha, na aurar da ’ya da su. Ban taɓa sa hannu a shafin da ban sake dubawa ba, kuma ban taɓa dafa komai ba sai ruwan shayi.

Abu ɗaya ne yake wuce maƙogwaronta ba tare da faɗa ba: ots, hatsin nan da ake murjewa a sayar a gwangwani, a dafa shi da madara. Ta daɗe tana yi wa kanta da safe, da tuffa da kirfa, ni ina gefe da shayina da burodi. ’Yarmu, wadda muke kira Auta duk da ita kaɗai ce, takan biyo kafin ta wuce ofis ta yi wa uwarta wanka. Amma a ƙarshen gari take, kafin ta iso rana ta ɗaga, magani kuma ba ya jiran cunkoson motoci. Sai girkin safe ya faɗo a kaina.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da kicin. Sista ta sa na bar ƙofofin a buɗe, ta mai da gadonta kujerar mulki. Ba ta ganin tukunya, amma tana jin ta.

“Me ka fara zubawa?”

“Ruwa.”

“Zubar. Man shanu tukuna, ɗan kaɗan. Ka fere tuffar?”

“A jikin gwangwanin an ce ruwa ake fara sawa.”

“To je ka ba gwangwanin ya ci.”

Na zubar. Na fere tuffa, rabinta ya bi ɓawo. Na yanka ƙanana, na zuba a man, na barbaɗa kirfa da garin citta.

“Kirfa nawa zan sa?”

“Daidai.”

“Daidai ba ma’auni ba ne, Sista.”

“Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Kai naka idon sai waƙafi.”

Na karanta yadda dauloli suka tashi suka faɗi, na karanta gardamar masana a kan ko rai yana da nauyi. Duk cikinsu babu wanda ya ga ya dace ya ambata cewa madara tana jiran ka juya baya ne ta yi bori. Ranar farko ta malale murhu. Rana ta biyu ots ɗin ya yi gudaji. Rana ta uku ya kama, ƙauri ya cika gidan, maƙwabciyarmu ta ƙasa ta hauro tana tambaya ko lafiya.

“Lafiya lau,” in ji Sista daga ɗaki. “Malam ne yake karatu.”

A hankali na koya. Sai tuffar ta yi laushi a cikin man, ƙanshin kirfa ya tashi, sannan ruwa da madara su shiga, da gishiri iya abin da yatsu biyu za su ɗauka. In ya fara motsi a gefe, a zuba ots, a rage wuta, a yi ta juyawa da cokalin katako ba tare da an ɗaga kai ba. A murƙushe ayaba nunanna a zuba a ƙarshe. Zuma sai an sauke. Sannan a rufe tukunya a bar shi ya huta kaɗan. Duka aikin bai kai tsawon labaran safe a rediyo ba, amma ba ya yarda a haɗa shi da wani abu. Na gwada riƙe littafi a hannun hagu sau ɗaya.

“Juyawarka ta canza,” ta ce. “Ajiye shi.”

Nakan kai mata a tire, in tada ta da filo, in zauna a bakin gado. Da hannun dama take ci, ba ta yarda a ba ta a baki. Takan ɗanɗana, ta lumshe ido, ta yanke hukunci. Citta ta yi yawa. Tuffar ba ta nuna ba. Yau ka ji tsoron gishiri. Ban taɓa samun shafi mai tsabta a wurinta ba, ni da na sa marubuta kuka. Sai dai kwanon yakan dawo kicin babu komai, wannan kuwa ya ishe ni.

Daga baya ya fara dawowa da rabi. Sannan da fiye da rabi. Takan yi cokali uku ko huɗu, tari ya sarƙe ta, idonta ya kawo ruwa, ta ture tiren.

Wata safiya muka ji ƙarar motar Auta a ƙasa, ga kwano kusan cike a tsakaninmu. Sista ta dube shi, ta dube ni.

“Cinye.”

“Na ƙoshi.”

“Ban tambaye ka ba. Yarinyar nan kwano take fara dubawa kafin ta gaishe ni.”

“A zubar mana.”

“Tana duba kwandon shara. Ni na haife ta. Kuma abinci ne, Jan Biro, ka ji tsoron Allah.”

Na ɗauki cokalinta na cinye a tsaye, ina jin takun Auta a matakala. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Auta ta shigo, ta ga kwano fes, ta yi murmushi.

“Mama, yau an yi ƙoƙari.”

“Babanki ne ya fara iyawa,” in ji Sista, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Haka muka ci gaba. Ina dafawa, tana ɗanɗanawa tana kushewa, ina cinyewa. Masu wa’azin gaskiya su yi ta yi, ban nemi fatawarsu ba. Matar da ta san asibiti ciki da waje ta ce ba ta son komawa, ni kuwa ina da ciki. A duk zaman aurenmu ban san wani aiki da muka yi tare da ya kai wannan tafiya daidai ba. Har ta fara ba ni umarni saboda ni: ka ƙara zabibi, kai da kake iya taunawa, ka yanka dabino a kai. Takan kalle ni ina ci, ta ce in rage sauri, ba a kore ni ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, namu kuwa a ƙuguna ya ƙure. Wata Asabar Auta ta gama yi wa uwarta wanka, ta fito ta same ni a kicin ina wanke tukunya. Ta jingina da ƙofa, ta daɗe tana kallona.

“Baba, ka ƙara huji a bel ɗinka.”

“Tsufa ne.”

“Tsufa ne yake sa maka kumatu? Yanzu na ɗaga Mama. Hannu ɗaya na sa.”

Na ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita.

“Tun yaushe?”

“Ki tambayi uwarki.”

“Kai nake tambaya, Baba. Ita ba ta da lafiya. Kai fa?”

Sai na gyara mata magana. Na ce ba a cewa an ƙara huji, an huda sabo ake cewa. Ta dube ni irin kallon da uwarta take yi wa ƙazamin bandeji, ta koma ɗaki. Na ji su ta bango. Auta tana kuka ƙasa-ƙasa, Sista tana cewa, “Ni na sa shi. In faɗa za ki yi, ga ni.” Sai tari ya karɓe maganar, ya daɗe bai sake ta ba.

Auta ta kira likita a waya. Ya zo da yamma, ya sa abin awonsa a bayanta, ya ce abinci yana bin hanyar iska, ƙirjin ya fara ɗaukar ruwa, ga zazzaɓi. Gobe da safe a kawo ta, kada ta ci komai kafin nan. Sista ta saurare shi har ya gama.

“Ka iya magana yanzu,” ta ce masa.

Da gari ya waye ta ce in ɗora tukunya.

“An ce kada ki ci komai.”

“Wa ya ce ci zan yi? Ɗora.”

Na ɗora. Man shanu, tuffa, kirfa. Ƙanshin ya bi ƙofa ya shiga ɗaki, inda Auta take cusa kaya a jaka. Babu gyara ko ɗaya da ya zo ta bango. Ina cikin juyawa mijin Auta ya iso, shi da maƙwabci, suka ɗora ta a kujerar roba don sauka da ita daga bene. Aka shiga kirana ta ko’ina: Baba katin asibiti, Baba buɗe ɗaya ƙofar, Baba takalminta. Na bi su a baya da filo a hammata.

Layinmu matsattse ne, mota ɗaya in ta tsaya ta toshe shi. Aka kwantar da ita a kujerar baya, kanta a cinyar Auta. Wata motar kaya ta tsaya a bayanmu tana danna oda. Na buɗe ƙofar gaba, na sa ƙafa ɗaya. Sai na ji muryarta, ƙarama, amma tata.

“Jan Biro. Ka kashe wuta?”

Kowane miji a duniya ya san amsar wannan tambaya. Eh ake cewa, a shiga mota. Ina ganin na kashe. Hannuna ma yana tuna murɗa makunnin. Amma “ina ganin” ba ta taɓa wuce teburina ba, kuma matar nan tana gane juyawar cokali ta bango, balle muryar mutumin da bai tabbata ba.

“Bari in duba,” na ce.

“Baba, don Allah,” in ji Auta.

“Yanzu zan sauko.”

Mai motar kaya ya kwanta a kan odarsa. Mijin Auta ya leƙo ya ce in biyo su a tasi, ba nisa. Na rufe musu ƙofa, na hau matakala da gwiwoyin da nake da su.

A hanya shanyewar ta sake bugunta. Auta ta ce ba ta yi ko ƙara ba, hannun dama ne kawai ya saki nata. Kafin in sami tasi, kafin in gano ɗakin da aka kai ta, an riga an kewaye ta da na’urori, an zura robar. Ta kwana biyu a haka, idonta a rufe. Ma’aikatan jinya suka ce in yi mata magana, wai tana iya ji. Na san wannan maganar, ita ma ta sha faɗa wa mutane. Na zauna a gefenta na buɗe baki, na ga ba ita ce a wurin ba, na rufe.

Masu ta’aziyya sun ce na yi ƙoƙari. Wasu sun ce ta huta, kamar sun tambaye ta. Auta ba ta sake tada zancen kwano ba, ni ma ban tada ba. Takan biyo da safe har yanzu, ta same ni a bakin murhu, ta ce in zauna ta ƙarasa, in ce mata ba a karɓar cokali a tsakiya.

Ran nan da na hau benen, na tura ƙofar kicin ina haki. Tukunyar tana gefe, a rufe, da ɗuminta. Na taɓa makunnin duk da haka, na murɗa shi ya ƙi gaba. Na leƙa ta taga, layin babu kowa sai motar kaya tana wucewa.

A kashe take, Sista. Na duba.