Dogon Hutun Ɗan Shetu

"Riƙe masa ƙafafu, Barakatu! Riƙe, kada ya faɗa wuta!"

Barakatu ta yar da ludayin da ta shigo da shi a hannu, ta durƙusa ta danne gwiwoyin saurayin da duk ƙarfinta. Wadud yana kwance a tsakar gida dab da murhu, jikinsa yana fizga kamar zakaran da aka yanka, kumfa tana zuba ta gefen bakinsa. Uwarsa Shetu ta ɗora kansa a cinyarta tana tofa masa duk addu'ar da ta zo bakinta. A cikin kokawar nan wani katin magani mai jan baya ya zamo daga aljihun wandonsa. Barakatu ta gani, ta sa tafin ƙafa ta take shi.

Da jikin ya saki, Wadud ya buɗe ido ya dube su kamar baƙi.

"Ba komai, Mma," ya ce. "Zazzaɓi ne."

"Iska ce," in ji Shetu, tana share masa baki da gefen zane. "Tun da ka fara karatun nan mutane suka sa maka ido."

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Barakatu da na Shetu a zangon Salaga, kuma tun suna amare suke miƙa wa juna gishiri ta samanta. Shetu jikar fataken goro ce, amma goron ya ƙare tun zamanin kakanta. Doya take sarowa daga Kpandai ta kasa a kasuwa, kuma da doyar ta riƙe gida bayan mijinta ya rasu, har Wadud, ɗanta tilo, ya shiga jami'a a Tamale. Ranar da zai tafi, unguwar gaba ɗaya ta raka shi tasha. Yana aji uku ya dawo da jakarsa a tsakiyar zangon karatu, Shetu ta ce wa mutane hutu aka ba su. Hutun nan ya cinye damina, ya shiga kaka.

Barakatu ta jira har Wadud ya shiga ɗaki, sannan ta ɗauki katin ta nuna wa Shetu.

"Yaya Shetu, wannan ba iska ba ce. Tiramol ne. Shi yaran tasha suke sha kafin su yi lodin doya."

Shetu ta daɗe tana kallon abin. Ba ta yi mamaki ba, kuma rashin mamakin ne ya fi tayar wa Barakatu hankali.

"Na sani," ta ce a hankali. "Ina tsintarsu a ƙarƙashin katifa in na shiga shara. Barakatu, ki rufa mini asiri. In aka ji, wa zai ƙara sauraronsa? Ai zai koma makaranta."

Barakatu ta rufa. Amma abin da ido ke gani ba ya rufuwa. Wadud ya rame, yana tafe yana susar hannu, idonsa rabi a rufe. Dattawan masallaci da suke kiransa "Malam Boko" cikin wasa suka koma amsa gaisuwarsa a taƙaice.

Aka kwatanta wa Shetu wani mai magani a bayan garin Yendi, wanda aka ce yana cire shaye-shaye daga jini. Ta kai shi. Da Shetu za ta je dubiya, Barakatu ta rufe tukunyar kokon da take sayarwa ta raka ta. Suka tarar da Wadud a gindin bishiyar mangwaro tare da wasu samari, an sa masa mari a ƙafa, an aske masa kai. Da ya hango su sai ya rarrafo iyakar tsawon sarƙar.

"Mma, don Allah. Ƙasusuwana suna ci da wuta. Mma, na tuba, ki tafi da ni."

Mai maganin ya ce a yi haƙuri, dafin ne yake fita. Shetu ta ajiye kwanon abincin da ta kawo, ta juya ta fita. Sai da suka kai bakin titi ta dafa wata motar da aka ajiye, ta ce kanta yana sara kamar ana daka a ciki.

"Kin sha maganin hawan jininki?" Barakatu ta tambaye ta.

"Zan sha in mun koma."

Wadud ya dawo daga Yendi da tabo a idon sawu, amma idonsa ya washe. Yana cin tuwo har ya nemi ƙari, yana raka uwarsa kasuwa yana jera mata doya. Shetu ta ɗinka masa sabuwar riga. A lokacin ne Mutaru, autan Barakatu, ya samu gurbi a jami'a shi ma. Wata yamma Barakatu tana tsince gero a ƙofar gida, Wadud ya zo ya tsugunna gefenta.

"Mma Barakatu, na ji Mutaru zai tafi."

"In Allah ya yarda. Ka yi masa faɗa, Wadud. Ka gaya masa kada ya taɓa."

Ya yi ɗan murmushi.

"Ni ma an gaya mini. Makon farko suka tara mu a babban ɗaki, aka nuna mana hotuna, muka tafa. Ba wanda ke fara sha don bai sani ba. Ni jarrabawa ce ta zo, na faɗi darasi biyu, na kasa barci, na kasa karatu. Wanda muke ɗaki ɗaya ya jefa mini ƙwaya a lemon ƙara kuzari, ya ce zan kwana ina karatu ban gaji ba. Kuma gaskiya ya faɗa. Daga baya in ban sha ba, ko tashi daga gado ba na iyawa. In zan sauko sai na ɗora da giyar leda."

"To me ya hana ka faɗa wa uwarka?"

"Na kira ta na ce karatun ya yi mini nauyi. Ta ce in daure, ni ne idonta." Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. "In Mutaru ya kira ki ya ce ya gaji, kada ki ce masa ya daure. Ki tambaye shi me ya faru."

Ba a yi nisa ba aka fara ganinsa a bayan tasha kuma.

Shetu ta ce abokai ne, a raba shi da garin. Ta tura shi Bawku wurin ƙanenta Karimu, mai sana'ar albasa. Wata rana suna zaune da Barakatu wayar Shetu ta yi ƙara, muryar Karimu tana fita har Barakatu na ji.

"Yaya, ki zo ki ɗauki ɗanki. Kin turo shi inda abin ya fi araha. Nan ga iyakar ƙasa nan kusa, a kan babur ake shigo da shi kamar gyaɗa. Jiya a cikin buhunan albasa na tsince shi, ƙuda na bin bakinsa. Yarana suna kallonsa, Yaya. Ba zan iya ba."

"Karimu, ɗan 'yar uwarka ne fa."

"Shi ya sa ban kore shi titi ba. Ki zo."

Shetu ta tafi da ƙafafunta kumbure. Daga Salaga zuwa Bawku tafiya ce mai cin mutum, ga ramuka, ga shingen jami'an tsaro. Ta dawo da shi bayan la'asar, mayafinta ya yi ja da ƙasar hanya. Barakatu ta fito tana yi mata sannu da zuwa, Shetu ta buɗe baki za ta amsa, sai bakin ya karkace. Jakar hannunta ta faɗi, ita ma ta bi ta.

A asibiti aka ce jijiyar kai ce ta fashe, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Suka riƙe ta 'yan kwanaki, sannan suka ce a kai ta gida a ci gaba da kula da ita. Barakatu ce mai juya ta, mai wanke ta, mai ɗura mata koko da ƙaramin cokali. Wadud kuwa ya rantse ya bari. Ya zauna a bakin gadon yana yi mata fifita, gumi na tsiyaya daga goshinsa, haƙoransa na haɗuwa, in ya fita ya yi amai ya dawo ya ɗauki maficin.

Wata safiya aka ji ganga da lasifika a titi. Ƙungiyar ɗaliban garin ce da suka zo hutu, sun sa fararen riguna iri ɗaya suna zagaye unguwanni, suna kira a guji ƙwaya da giya. Yara na binsu suna rawa. Wadud ya leƙa ta taga, ya daɗe a tsaye.

"Kin ga dogon nan mai riƙe da lasifika?" ya ce wa Barakatu. "Tare muke saye. Shi dai jikinsa bai tona shi ba tukuna."

Ƙarar gangar ta farkar da Shetu. Ta motsa hannun hagu, ya matso. Harshenta ya yi nauyi, sai da ta maimaita kafin suka gane.

"Yaushe... za ka koma?"

Wadud ya dubi Barakatu. Barakatu ta dubi bango.

"Bayan Sallah, Mma."

Shetu ta lumshe ido, kamar an sauke mata kaya.

Washegari da azahar ya ce zai je kemis ya karɓo mata magani, yanzu zai dawo. Barakatu ta ga yadda yake susar hannu a bakin ƙofa, ta san inda zai biya, amma ba ta da ƙarfin hana shi. Numfashin Shetu ya canza bayan fitarsa. Barakatu ta ɗiga mata ruwa a leɓe, tana laƙƙana mata kalmar shahada a kunne. Idon Shetu yana kan ƙofa har ya daina gani. Barakatu ta shafe shi, ta ɗaure mata haɓa da ɗankwali, sannan ta fita ta gaya wa maza.

A bayan tasha aka samo shi, zaune a kan tsohuwar taya, maganin uwarsa a cikin leda a cinyarsa. Da aka gaya masa sai ya gyaɗa kai ya ce, "To," kamar an ce masa abinci ya nuna. Da aka fito da makara ya sa kafaɗa, bai kai bakin lungu ba ya fara tangaɗi, makarar ta karkata. Wani dattijo ya janye shi gefe a hankali, wani ya shiga gurbinsa. Barakatu tana leƙe ta ƙofa ta ga mutane sun yi gaba, shi yana binsu daga nesa, yana dafa bango.

Karimu ya zo ya karɓi gaisuwa, ya koma bayan addu'ar uku. Bai ce a ba shi yaron ba, ba wanda ya ce ya ɗauka. Mata suka kwashe tukwanensu, aka naɗe tabarmi. A makon ne Mutaru ya hau mota zuwa makaranta. Barakatu ta riƙe hannunsa ta tagar motar har direba ya ja.

Da ta dawo an yi ruwa an ɗauke. Ta zuba tuwo a kwano ta zagaya gidan Shetu, ta yi sallama ba a amsa ba. Wadud yana zaune ya jingina da randa, kansa ya rataya a ƙirji, yana numfashi a hankali. Ta ajiye kwanon kusa da ƙafarsa ta rufe da faifai.

Silifas ɗin Shetu suna nan a ƙofar ɗakinta, a jere, ba wanda ya ɗauke. Ruwan sama ya taru a inda dugaduganta suka lotsa su. Wata kaza ta zo ta tsoma baki a ɗaya, ta ɗaga kai sama, ta sake tsomawa.