Farin Yadin Wasila

…kuma ai yadi ne kawai. Yadi. Fari, kamu biyar, daga kasuwar Bur Dubai. Tun bayan azahar Murjanatu take maimaita wa kanta haka, tana zaune a ƙasan falo da shi shimfiɗe a cinya, amma zuciyar ta ƙi ji. Ana zanen gado da shi, ana labule. To me ya kawo gumi a tafin hannu, ga esi na ta busa sanyi?

Gobe ne ranar shigar ban tsoro a makarantar yara. Halowin, in ji su. Ita dai tashe ta sani, can Zariya: gemun auduga, tumbin tsumma, a yi dariya a watse. Wannan kuwa ƙwarangwal ne da mayu da matattu masu yawo. Matattu! Wanda bai taɓa riƙe ƙafar gawa ba shi ke wasa da mutuwa. Baban yara ya ce ba namu ba ne, su zauna a gida, khalas, an gama magana. Sai ya kalli fuskar 'yarsu Wasila… washegari ga shi da ƙaton kwali daga siton da yake aiki a Al Warsan. Namiji kenan, ya hana da baki, ya kawo kwali.

Na ƙanwarta Kamila an gama. Kabewa. Na kanti? Ta juya takardar farashin sau ɗaya, ta mayar da rigar a hankali kamar ƙwai. Kwali, fenti ruwan lemo, igiya daga tsohon ɗankwali, shi kenan. Ga ta can, 'yar shekara huɗu, tana ta karo da bango tana ƙyalƙyala dariya. Wannan ba ta hana uwa barci. Jininta lafiya, likita ya faɗa, ya sake faɗa.

Wasila ce. Shekara bakwai. Sikila.

Me ba ta yi mata tayi ba? Gimbiya, mage, malam-buɗe-littafi da fukafukan leda. A'a. Fatalwa take so. Farin ƙyalle daga kai har ƙasa, da ramuka biyu na ido. Me ya sa, 'yar nan, duk duniya sai fatalwa? A gadon asibiti ta faɗa, watan jiya, robar ƙarin ruwa a hannu, idanun nan sun yi ɗorawa: "Mama, in na rufa ba wanda zai san ni ce. Ba wanda zai ce in zauna in huta."

Kuma ta ce to. Da bakinta ta ce to, har da wallahi. Wa ya aike ta rantsuwa? Alƙawari kaya ne, ga shi nan a cinya, fari tas.

Kyaaat!

Innalillahi… me ta yi yanzu? Ta yage shi. Da hannu. Ga almakashi nan kusa da gwiwarta, sabo, bai ko taɓa yadin ba. Ta ciza gefen da haƙori, ta ja, kamar yadda—

Inna. Tsakar gida, tabarma, ƙamshin turaren wuta da ba na biki ba. Duk wanda ya rasu a unguwa, a wajen Inna ake ɗinka likkafaninsa, ita kuma Murjanatu tun tana ƙarama ita ce mai riƙe gefe. Ja da kyau, kar ya tattare. Ba a sa almakashi, 'yata, da hannu ake yagewa. Zare daga jikinsa ake zaro shi. Kuma ba a ƙulla bakin zare, mai tafiya ba a ɗaure masa hanya. Haka Inna take yi, haka tata uwar ta yi, babu wanda ya tambayi dalili.

Ta dubi allurar. Farin zare ne a ciki, siriri, mai ɗan gashi-gashi. Ba na ƙwarya ba ne, ƙwaryar zaren tana can kan tebur da ledarta. Yaushe ta zaro shi? Yaushe? Hannun nan nata ne ko na wa?

Kai, Murjanatu, ki dawo hayyacinki. Ke da kika yi karatu, kike tsaye a kantin magani kullum kina wa mutane bayanin ƙwayoyi. Camfi ne. Malam ya faɗa a karatun Asabar, ajali ba ya jiran yadi, ba ya kuma tsoronsa. Gaskiya ne. Ai wancan karon babu wanda ya ɗinka komai kafin… kafin. Da safe ya sha koko, ya ce ƙafarsa na ciwo. La'asar ba ta yi ba.

Ɗanta na fari. Shi ma bakwai. Shi ma wannan jinin.

Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kunyar ɗan fari, haka aka tarar, haka aka yi. Kai yaro. Wannan. Mai gidan Inna. Shekara bakwai cur sunan yana bakin kowa ban da nata, har mai kanti yana kiransa, har maƙwabta. Ko a asibitin nan, da ya fara sanyi a hannunta, kai yaro ta ce. Kai yaro, tashi mana. Sai da yamma ta ji Inna tana cewa, miƙo karan a auna Mubashir. Kara, na dawa, aka jera shi da tsawonsa aka karya, aka kai wa masu haƙa. Ita kuma aka ga ta riƙe gefen yadi, babu wanda ya sa ta.

Kara…

Ɗazu. Ɗazu da safe. Ta nemi tef ɗin awo ta rasa, sai ta ɗauko sandar mofar goge ƙasa, ta jingina ta da bayan Wasila, ta sa babban yatsa daidai ƙoƙon kai. Tsaya sosai. Miƙe ƙafa. Wasila tana dariya wai cakulkuli take ji.

Wayyo Allah. Wayyo, ta auna 'yarta da sanda.

Tsoro take ji. Tsoro sosai. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. To nata tsumman fari ne, kuma da ƙafarta ta hau kwalekwalen abra ta ƙetare ruwa ta je ta sayo shi. Ba'indiyen mai shago ya tambayi girman yaron, ta ɗaga hannu daidai ƙirjinta. Nan. Daidai nan wancan ma ya tsaya, bai ƙara ko ɗan yatsa ba.

A rina shi? Da zoɓo, da ganyen shayi, ko me. A liƙa masa furanni. Fatalwa ba ta sa fure, Mama, haka za ta ce, da bakin nan nata mai kaifi. To a ce dutsen guga ya ƙona shi. Ƙarya ɗaya, ƙarama, wa zai sani? Gobe Kamila ta hau bas da kabewarta, Wasila kuma… taga. Tagar nan ta hawa na tara, goshi a jikin gilashi, tana ƙirga motocin da ke cunkushe a hanyar Sharjah. Kamar ranar wasan guje-guje. Kamar ranar ninƙaya. Kamar ranar da aka kai su sahara aka ce ita iska za ta kama ta. Zauna ki huta. Sa rigar sanyi. Sha ruwa. Wa ya fi faɗa mata haka, malaman ko uwarta?

Shekara bakwai tana nannaɗe yarinyar nan. Yau ne kawai abin ya zo da launi.

A'a. A'a, ba haka ba ne, tsare ta take yi. Tsarewa ce. Ko ba tsarewa ba ce?

Ido. Likkafani ba shi da ido. Yawwa! In ta huda ramuka biyu, da almakashi, da ƙarfe, ta ƙulla zaren ƙulli uku, ai ya tashi daga wancan ya koma kayan wasa. Ya zama tsumma. Sai dai ba a huda ido da ka, sai an sa an ga inda suke.

Sai an sa.

Ta kira ta. Ga ta ta fito daga ɗaki da safa a ƙafa, siririya, haƙorin gaba ɗaya ya faɗi. Murjanatu ta ɗauki biro, ta yi bisimilla a ciki, ta ɗaga yadin sama… ta sake shi.

Ya sauka a hankali. Ya rufe kitso, ya rufe kafaɗa, ya rufe safa.

Shiru.

Ba motsi. Wasa take, ai wasa ne, fatalwa ba ta magana. Amma yadin ma ba ya motsi wajen hanci. Ko yana yi? Esi ne ke kaɗa shi ko numfashi? Fari daga sama har ƙasa, tsawon nan, daidai ƙirji, daidai nan… tabarma, turare, ja da kyau kar ya tattare… yi magana mana, don Allah yi magana, ta buɗe baki za ta ce Wasila—

"Mubashir!"

Da ƙarfi. Har kwalin Kamila ya daina karo da bango.

Haka yake ashe a baki. Haka yake da sauƙi. Harafi kaɗan, numfashi ɗaya, abin da ta hana shi shekara bakwai yana raye, ta zo ta ba farin yadi a nan unguwar Al Nahda.

Yadin ya girgiza. Dariya ce, ƙarama, mai fita ta giɓin haƙori.

"Kin gani, Mama? Ko ke ba ki gane ni ba!"

Murna take. Har tsalle take, yadin na tashi yana sauka. Gobe ba wanda zai ce ta zauna.

Biro yana hannun Murjanatu. Bas ƙarfe shida da rabi. Zaren yana lilo a gefe, ba ƙulli. Ta durƙusa, ta kai yatsa tana lalube a kan farin, goshi, hanci, ɗumi, akwai ɗumi… tsaya, 'yar nan, tsaya cak… a'a, kar ki tsaya. Ci gaba da motsi. A haka zan nemo idon.