Harafin da Ya Yi Kama da Ɗaya

"Ki sake dubawa, 'yata," in ji Baba Tafireta. "Ko akwai abin da ya shigo?"

Na leƙa baƙin allon kwamfutarsa. Shi ba ya son manhajar imel mai hotuna. Tasa rubutu ce zalla, korayen haruffa manya, sai madannai. Shekara talatin ya yi yana buga takardu a ofis, kuma kunnensa ya mutu, waya ba ta yi masa amfani. Ta wannan allon kaɗai yake magana da 'yarsa da ke nesa.

"Babu komai, Baba," na rubuta masa a takarda.

"Wata biyar ke nan. Fushi take yi da ni, na sani. Halin uwarta ne."

Gyaran kwamfuta ne aikina, ƙofata na kallon tasa, amma ranar a gajiye nake. Na ga wani ɗan layi a ƙasan allon yana ƙorafin haɗi, na ɗauka matsalar intanet ce. Na rubuta: "Asabar zan zauna a kai."

"Asabar ɗinki ba ta zuwa," ya ce, yana dariya.

Ranar Alhamis da hantsi mai shara ta same shi a kujerarsa, shayinsa ya huce.

Bayan an kai shi makwancinsa, aka rasa mai lambar 'yar. Dole na koma ɗakin neman hanyar sanar da ita, na zauna a kujerar da har yanzu take da ramin zamansa. Na buɗe fayil ɗin saituna ina bi layi-layi. Sunansa daidai. Kalmar sirri daidai. Sai adireshin sabar da saƙonni ke bi ta cikinta, wanda ya sake bugawa da kansa wata biyar baya.

Inda ya kamata a sa lamba ɗaya, ya sa ƙaramin harafin "l". Tsohuwar tafiretarsa ba ta da lamba ɗaya, da wannan harafin ake bugawa, yatsansa kuma bai manta ba. Da na ba shi minti biyu ranar nan, da na gani. Wannan abin yana cina har yau.

Na gyara, na sake kunnawa. Saƙonninsa ashirin da biyu da suka maƙale suka fita a jere, kafin in yi tunanin tsayar da su. Nata suka shigo, sha tara. "Baba, lafiya?" "Baba, me na yi maka?"

Ina cikin karanta su, sai ga sabon saƙo.

"Baba! Alhamdulillahi, yanzu duk suka iso. Ashe ba fushi kake ba. Kana nan? Amsa mini ko da kalma ɗaya."

Na danna maɓallin amsa. Tabaransa na gefen madannai, ƙafa ɗaya ɗaure da zare. A kan allon, ɗan koren ɗigon da ke nuna inda za a fara rubutu yana ta ƙiftawa.