Rigar Tsini Biyar

Tun da Hajiya Alimatu ta zazzage akwatinta a falon gidan da ke Al-Sadd, Sakinatu ta kasa zama wuri ɗaya. Ta shiga kicin, ta fito ba ta ɗauko komai ba, ta sake komawa.

Rabonta da mahaifiyarta tun kafin korona. A kullen nan ne Hajiya ta zauna a Kano da keken ɗinkinta, ta ɗinka wa jikarta Lubna riga mai kalar tutar Qatar, da girma, don yarinya ta taso ta same ta. Yanzu ga Hajiya a Doha, gari ya cika da baƙin ƙwallon duniya, kuma yau ce ranar ƙasa. Shugabar Sakinatu a asibiti, 'yar ƙasar, ta gayyace su cin abinci a gidanta da ke Al Gharrafa.

Rigar ta yi kyau, sai dai janta jawur ne kamar tumatir, kuma tsinin da ya raba fari da ja guda biyar ne. Tutar Qatar janta ya yi duhu kamar zoɓo, tsininta tara. Wannan tutar Bahrain ce, ɗan tsibirin da ke maƙwabtaka.

Ta tare mijinta Mijinyawa a baranda. "Baban Lubna, kai ka gaya mata."

Mijinyawa ya ɗaga hannu biyu. "Ni? Surukata? Khalas, magana ta ƙare, ban ga komai ba."

"Kuma mu kai yarinya gidan mutane da tutar wata ƙasa, ranar bikinsu?"

"Ki ce ta yi mata kaɗan."

"Ba ka gan ta a jikinta ba? Kamar an auna!"

A falo Lubna na ta juyi, Hajiya na tafa mata. Sakinatu ta durƙusa kusa da kujera, tana murza bakin mayafinta.

"Umma, tsinin nan... me ya sa kika yi biyar?"

"A hoton da kika turo sun yi yawa, sai ka ce haƙoran zarto. Na ce ƙasar Musulmi ce, shika-shikan Musulunci biyar, shi ke nan."

Sakinatu ta ce, "Wallahi Umma, abin da mutanen Bahrain suka ce ke nan. Da can tasu ja ce zalla, aka ƙara fari bayan sulhu da Turawa, aka yi mata tsini don a bambanta ta da ta maƙwabta. Daga baya suka rage tsinin ya koma biyar. Tutarsu kika ɗinka."

Tafin ya tsaya. Daga titi ana jin hon ɗin motoci da ihun magoya baya. Hajiya ta jawo Lubna, ta shafa ɗinkin da babban yatsa, tun daga kafaɗa har ƙasa.

"Yanzu ba za ta sa ba ke nan?"

"Yau dai a'a, Umma. Ko a warware a ƙara huɗu?"

"Ba mai taɓa min ɗinki." Ta cire wa yarinyar rigar da kanta, ta ninke a cinya. Ba ta dubi 'yarta ba. Sakinatu ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

Can Hajiya ta ce, "Ita Bahrain ɗin, da nisa?"

"Ga ta nan tsallaken ruwa."

"Mijinyawa!" Ya leƙo daga baranda a tsorace. "Kafin in koma gida za ka kai mu. Mutanen da suka yi tunani irin nawa, ya kamata in gan su." Ta juya ga Sakinatu. "Ke kuma kin tsaya min a ka kamar mai jiran allura. Nemo mata wata, kada mu makara."