Tsanin Malamin Lissafi

Tun ranar da shugabar makaranta ta sa aka kafa talabijin a saman allonsa, hankalin Malamin lissafi bai sake kwanciya ba. Shekara ashirin da takwas yana shaƙar ƙurar alli, yau a ce ya koma gefe ya riƙa danna maɓalli? Shi dai ya san inda aka dosa, so ake a sallame shi cikin ruwan sanyi.

Bidiyon da aka ɗauko daga intanet ba fuska, ba murya, takarda ce kawai da biro da yatsu uku. Yara suka yi tsit, abin da ba su taɓa yi masa ba. Can sai biron ya zana ɗan tsani a gefen takardar, ya riƙa sauko da lambobi hawa-hawa. Tsanin nan Malam ne ya ƙirƙiro shi, kuma babu shi a ko'ina sai a littafinsa na shirya darasi.

Wa zai zarga in ba malamin kwamfuta ba? Shi ya kawo bidiyon, teburinsa na manne da nasa, ga yawan gaisuwa kamar mai neman aure.

"Samari, wa ke yin bidiyon nan?"

"Wallahi Baba, ban sani ba. Na ga ya yi kyau ne kawai."

Malam ya ce a ransa, ka ji ɓarawo da ladabi. Sai ya ɗana tarko: a darasin mako mai zuwa ya rubuta bakwai sau takwas hamsin da huɗu, da gangan, ya bar littafin a buɗe kan teburinsa lokacin hutun tara kafin ya tafi da shi gida. In kuskuren ya fito a talabijin, ofishin shugaba za su. Har takardar ƙara ya rubuta ya sa a aljihu.

Ranar Litinin sabon bidiyo ya fito, darasinsa ne tiryan-tiryan. Biron ya rubuta hamsin da huɗu, ya tsaya, ya ƙwanƙwasa takarda sau biyu yadda Malam ke yi wa allo, ya soke huɗun ya sa shida. Da hannun ya ja takardar sama, sai ga tabon ƙunar dutsen guga a jikin teburin. Malam ya san tabon sarai, teburin gidansa ne, shi ya yi tabon, ya kuma sha faɗa a kai.

Bai jira an tashi ba, ya nufi gida. Ya iske autarsa a teburin cin abinci, ta ɗora waya kan tarin littattafai, kyamarar tana kallon takarda. Ita ce wadda ya taɓa ce wa a gaban ajinsu ba ta da kan lissafi, ta nemi wani abin.

"Baba, ka dawo da wuri," ta ce, tana ƙoƙarin rufe takardar.

Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Yaushe kika iya tsanin?"

"Tun a ajinka na iya. Tsoron ɗaga hannu nake yi. Baba, akwai kuskure a shafi na tara. Na gyara, ban gaya wa kowa ba."

Ya ja kujera ya zauna, takardar ƙarar tana tokare shi a aljihu.