Wasiƙar da Baba Bai Adana Ba

"Ba zan sa hannu ba, ranka ya daɗe."

Darakta ya dube ni ta saman tabarau. Takardun shaida talatin ne jere a teburinsa. Ni na koyar da kwas ɗin kwamfuta na mako shida da aka shirya wa tsofaffin ma'aikata, kuma ba wanda zai karɓi shaida sai da sa hannuna. Ashirin da uku sun ci jarrabawa, bakwai sun faɗi. Shi kuwa so yake in sa wa duka.

"'Yata, kwas ne fa, ba aikin tiyata ba. Tun kafin a haife ki, wanda ya ɗumama kujera ya ci."

"To a rubuta sun ɗumama kujera, in sa hannu yanzu. Nan cewa aka yi sun iya."

Bai yi fushi ba. Ya zaro takarda guda daga tsakiya, ya turo mini da ɗan yatsa.

"Har wannan?"

Sunan mahaifina ne a jiki.

Shekara talatin da biyu Baba yana buga tafireta a ofishin rajista. Da ita ya kai ni jami'a. Saura wata takwas ya yi ritaya, kuma wannan shaidar ce kaɗai za ta sa a ƙara masa girma zuwa babban akawu kafin ya tafi. Kwas na gaba sai baɗi.

Ranar farko da na shiga aji, duk suka miƙe, har da shi. Don kada a ce na fifita shi, sai na riƙa kiransa da lambar kujerarsa. Yakan doki maɓallai kamar sun yi masa laifi, in ya kai ƙarshen layi hannunsa na hagu ya tashi yana laluben mariƙin tafireta a iska. Abokinsa mai buga hatimi ya ce, "A hankali, tsoho, ba garma ba ce!"

Wata rana na tsaya a kansa na ce, "Lamba sha biyu, ba ka adana aikinka ba. Tsaron kaya ya fi ban cigiya."

Ya ce, "Malama, abin da na buga ai ya bugu. Ina za shi?"

Aji ya kwashe da dariya. Ni ma na yi. Na fi kowa ƙarfin murya.

Asabar ɗin da ta biyo baya, ina shanya kaya a tsakar gida, ya zo ya tsaya bayana yana juya hularsa a hannu. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa ba ya faɗar sunana.

"Uwata, ko za ki sake nuna mini wurin adanawar nan? A aji sauri kike yi."

Kwamfutata tana ɗaki, taku biyar tsakaninmu da ita. Na ce ya bari sai Litinin, a koya tare da kowa. Ya ce to. Litinin ta zo, bai ɗaga hannu ba, ni kuma ban tuna masa ba.

Ranar jarrabawa wasiƙa aka ba su su buga, shi ya fara gamawa. Na karanta wasiƙar ta bayan kafaɗarsa, ko waƙafi bai kuskure ba. Sai na ga yatsansa ya nufi maɓallin kashewa bai adana ba, yadda ya saba rufe tafireta da ƙyalle in ya tashi aiki. Ko tari na yi da ya tsaya. Ban yi ba. Allon ya yi baƙi, wasiƙar ta tafi.

Duk wannan ya dawo mini ina tsaye gaban Darakta.

"Har wannan," na ce. Na sa wa ashirin da uku hannu, na fito.

An manna sunaye a allon sanarwa. Tun daga ranar, in na shigo ɗakin shan shayi hira takan mutu. Mai buga hatimi ya daina amsa gaisuwata. Wata bai cika ba aka ɗauke ni daga sashen horo zuwa ɗakin tsofaffin fayiloli, inda ba taga. Kullum ƙarfe takwas ina can, kaina a sama. Ban nemi afuwar kowa ba, ba kuma zan nema ba. Waɗanda suka ci, da guminsu suka ci.

A gida Inna ta ce, "Ke kika fara boko a duniya? Ko kura ta san gidan da ba ta shiga."

Baba ya ce, "Ƙyale ta. Aikinta ta yi."

Da ma zagina ya yi. Ba sa hannun da na ƙi ne yake hana ni haɗa ido da shi ba. Asabar ɗin nan ce, da taku biyar ɗin da ban yi ba.

Baba ya yi ritaya yana mai buga tafireta, kamar yadda ya shiga. Ni na rasa ajina. Kuma tun ranar da aka manna sunayen bai sake ce mini Uwata ba. Malama yake cewa, cikin ladabi, a gidansa.